Setin Dakoro

A Dakoro, inda ake ce wa babur moto, fetur kuma esansi, idan aka ce a yi wa moto seti, ma'anar guda ce: a shaƙe masa wuya har ya rage shan esansi. Ba mu san wani seti bayan wannan ba. Ɗan kabu-kabu zai kai motonsa wurin makaniki, a murɗa ƴar kusar karbirater, a ƙara murɗawa, har injin ya koma tari, sannan mai shi ya hau yana murmushi. Da yamma a fada, wurin shan shayi, ba a tambayar moton wa ya fi ƙarfi, ana tambayar na wa ya je Sabon Maci ya dawo da sauran mai a butali. Da idona na ga mutum yana tura motonsa a kan tudu don ya kasa hawa, kuma yana turawa yana hura hanci, saboda duk unguwarsu babu moto mai ƙarancin ci irin nasa.

Moton Sharfaddeen ba irin waɗannan ba ne. Shi mai yi wa dabbobi allura ne. Wani proje ne na masu ba da agaji ya taɓa zuwa garin, ya kai shi Maradi aka koya masa aikin, aka ba shi farar riga da gilasiya ta ajiye magani cikin ƙanƙara, kuma tun daga ranar ya daina amsa sunansa sai an ce Doktor. Da projen ya nannaɗe tabarmarsa, ya bar masa dogon moto na shiga daji. Wannan moto ba shi da karbirater. Wani ɗan baƙin akwati ne a ƙarƙashin mazauni, wanda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa, yake auna wa injin esansin da zai sha. Ba ya lalacewa, ba ya gardama da safe, rairayi bai taɓa tsayar da shi ba. Aibinsa guda ne a idon mai shi, shi ne ba ya ƙara. Sharfaddeen zai shigo tasha ya tsaya, ya kashe, ya sauka, ba wanda ya ɗago kai.

Rabo, shugaban ƴan kabu-kabu na bakin tasha kuma mai riƙe da butar shayin fada, shi ya fi kowa sanin inda ciwon yake.

"Doktor, wanga moto naka ai keken ɗinkin Dela ya hi shi murya," in ji shi, fada ta kwashe da dariya. Sharfaddeen ma ya yi dariyar, amma har gida ya kai ta tana cinsa.

A wannan bazarar ne ciwon huhu ya ɓulla cikin shanun wajen Roumbou. Surukin Sharfaddeen, wato mahaifin matarsa Suwaiba, makiyayi ne a Azagor, sunansa Intalla. Dattijo ne mai ƙarancin magana, bai taɓa yarda allura ta taɓa saniyarsa ba, kuma bai taɓa ɓoye cewa farar rigar mijin ƴarsa ba ta burge shi ba. Suwaiba ce ta hau motar kasuwa ta je da kanta, ta zauna gaban uban ta yi ta magana har ya sakko. Shanunta na gado ma suna cikin garkensa. Da Intalla ya yarda, bai tsaya kan nasa kaɗai ba, ya bi maƙwabta zango zango ya ce su ma su tara nasu. Abin da wuya, domin ruwan farko ya riga ya sauka can arewa, ciyawa ta fara tsirowa, kowa ƙafarsa na ƙaiƙayin tafiya. Bakin Intalla kaɗai ya riƙe su.

Da ta dawo, Suwaiba ta zauna kusa da mijinta yana cin tuwo, fuskarta cike da murna.

"Malam, Baba bai taɓa tsai da mutane don wani ba, sai kai. Ya ce masu ran Alhamis da hantsi kana bakin rijiya. In rana ta yi tsaka ba su gan ka ba, shayarwa za su yi su wuce arewa, kuma shi ne za shi ji kunya."

"Ke dai sa ido," in ji Sharfaddeen. "Ran nan Azagor za ta san likita ya zo."

Ita ta ɗauka maganar allura yake yi. Shi kuwa tun kafin ta rufe baki ya gama ganin kansa yana gangarowa rijiya, mutane na miƙewa tsaye. Sai dai da wane moto? Da keken ɗinkin Dela? Washegari ya kira wani direba mai zuwa Maradi ya ba shi saƙon sabuwar salansa mai ƙara.

Salansar ta iso naɗe cikin kwali, gajera, mai faɗin baki, tana sheƙi, cikinta fayau har kana hango haske ta ɗaya gefen. Aka cire ta asali, mai nauyi da hankali, aka jingine a bango, aka ɗaura sabuwa. Da Sharfaddeen ya tada inji, tantabarun rumfar mahauta suka tashi gaba ɗaya, wani jaki ya tsinke igiya, mai shayi ya zuba wa kansa ruwan zafi a ƙafa. Idan ya saki hannun wuta kuwa, sai salansar ta riƙa harbi, tau, tau, tatau, har wani jandarma ya leƙo daga kan benci ya ga ko lafiya. Rabo ya miƙe ya ba shi hannu biyu. Ranar a tsakiyar tabarma aka zaunar da Doktor, shi aka fara miƙa wa kofi.

Amma moton ya canza hali. Idan aka murɗa masa wuta sai ya yi jim kafin ya amsa. Bututun da ya fito daga inji ya rine ya koma shuɗi. Zafin da ke tasowa yana ratsa wando har ƙwauri. Sharfaddeen ya kai wa makanikan tasha, suka zagaya shi da sukudireba a hannu suna neman kusar da za su murɗa, ba su samu ba. A ƙarshe suka ce ai wannan sai Zaharaddini.

Zaharaddini ya yi zaman Tamanrasset, ya dawo da ordinater, wato kwamfuta, mai tsagaggen gilashi da wata igiya mai baki biyu, ya buɗe rumfa kusa da mai cajin salula, ya kafa allo da rubutun Faransanci. Tun da ya buɗe yake jiran moto mai ƙwaƙwalwa a garin da kowa karbirater gare shi, yana cin abinci da facin taya kamar kowa. Da ya hango Sharfaddeen tafe, da sauri ya miƙe ya tarbe shi. Labari ya kai fada cewa yau za a buɗe kan moton Doktor a ga abin da ke ciki, sai fadar ta taso dungum, da tabarma da gawayi da butar shayi, ta sauka a ƙofar rumfar. Ranar Laraba ce, gobe tafiya.

Zaharaddini ya ɗaga mazauni, ya soka igiyar a jikin baƙin akwatin, ya jona ɗaya bakin da ordinater. Wani allo ya fito mai ƙananan gidaje jere reras, kowane gida da lamba a ciki, wasu kore, wasu rawaya, na kusurwar ƙasa ja.

"Wanga shi aka ce ma kartografi," in ji shi, yana jan kalmar don kowa ya ji. "Kowane gida, esansin da inji za shi sha ne. Nan in kana tahiya sannu, nan in ka buɗe wuta, nan in moto na jan nauyi. To tsohuwar salansa tana riƙe numfashi. Wagga ko a buɗe take, iska na hita da sauri, sabuwa na shiga da yawa. Iska ta ƙaru, esansi bai ƙaru ba. Kamar a ƙara ma hura ruwa ba a ƙara dawo ba. Shi ya sa yaka zahi, shi ya sa yaka harbi."

Kowa ya gyaɗa kai, domin maganar fura ta shiga. Ba wanda ya tsaya ya bi ta zuwa ƙarshenta. Zaharaddini ya duƙa ya yi aikinsa, gida bayan gida yana ɗaga lambobi, yana tada inji yana saurare, yana komawa ya gyara. A gaskiya yaron ya iya abin. Aka sha kofin farko, aka ɗora na biyu, sannan ya zare igiya ya ce Doktor ya gwada.

Sharfaddeen ya hau ya bi hanyar bayan gari inda rairayi ya yi zurfi. Tun murɗawar farko ya ji bambanci a tafin hannunsa. Moton ya daina jim, yana amsawa nan take, ya haye tudun da ƴan kabu-kabu ke sauka su tura kamar ba tudu ba. Zafin ƙwauri ya ragu. Ƙarar na nan, mai kauri, daga ƙasa. Harbin ne kawai ya tafi. Ya dawo ya saki hannun wuta daidai gaban fada, salansar ta yi gunji ta lafa, ba ko tau ɗaya.

Ƴan fada suka dubi juna.

"Ina harbin?" in ji Rabo.

"Harbin nan cuta ce, na warkar da ita," in ji Zaharaddini.

"Da mi?"

"Na ƙara mishi esansi."

Rabo ya ajiye butar shayi a hankali. Ya dubi na dama, ya dubi na hagu.

"Kun ji ko ni kaɗai na ji? Mutum ya kawo ma seti, kai ka ƙara ma moto nai ci? Tun da nike ban taɓa jin inda anka yi seti ci ya ƙaru ba. Doktor, an kashe ma murya, an kuma buɗe ma rami cikin tanki, kai ko kana tsaye kana godiya!"

Hayaniya ta kaure. Wani ya ce a Tamanrasset mai arha ne, shi ya sa yaron bai san ciwonsa ba. Wani ya ce dama ordinater na Turawa ne, su kuwa so suke a yi ta saye. Mutum ɗaya ne tak ya goyi bayan Zaharaddini, kuma shi ya ƙarasa kashe maganar. Hamid ne, mai sayar da esansi a butali a bakin tasha. Ya ce shi a ganinsa inji kamar doki ne, in ba a ciyar da shi ba ba ya aiki.

"To ga ta nan!" in ji Rabo yana tafawa. "Mai ruwa-ruwa ya ce a ƙara shan mai. Nawa ne kason ka, Zaharaddini?"

Zaharaddini ya dubi fuskokin da suka kewaye shi. Wannan ne aikinsa na farko, gaban duk masu moton garin. In aka tashi a haka, gobe sunansa mai sa moto haɗama, kuma har ya tsufa facin taya zai yi ta yi. Ya share gumi, ya sake soka igiyar.

"Ai akwai wani setin," ya ce da ƙaramar murya. "Na ekonomi. Turai ma suna yin shi."

"Da ka hwara da shi mana!"

Daga nan aikin ya bar hannunsa ya koma hannun fada. Kowa ya matso. Rabo ya ɗora yatsa mai danƙon sukari a kan gilashi, daidai kusurwar ƙasa.

"Wanga ja ɗin hwa, mi ne ne?"

"Nan ne inda ya hi shan mai. In an buɗe wuta duka, ko cikin rairayi, ko da kaya."

"Ashe ga ɓarawon nan. Sauke shi."

Aka sauke. Wani ya ce rawayan ma bai yarda da su ba, aka sauke su. Wani tsohon direba da bai taɓa taɓa ordinater ba ya ce a rage na tsakiya, don a nan moto ke yini. Aka wuce inda Zaharaddini ya fara, aka wuce inda masu ƙera moton suka ajiye, aka yi ƙasa, har allon ya koma kore shar kamar gonar wake a tsakiyar damina. Da aka tada inji wata ƴar fitila ta kama a gaban moton tana gargaɗi. Rabo ya tambaya ko ana iya kashe ta, Zaharaddini ya danna wani wuri ta mutu. Aka yaba masa ƙwarai da wannan.

Harbin ya dawo, har ya fi na da. Yara suka taru suna toshe kunne suna tsalle.

Abin da ke ba ni haushi a labarin nan shi ne Sharfaddeen ya sani. Shi kaɗai ya hau moton a setin farko, shi kaɗai ya ji yadda ya haye tudu. Da ya sake gwadawa a setin fada, ya ji jim ɗin ya dawo, ya ji zafin ya fi na jiya. Motonsa ne, tafiyarsa ce, surukinsa ne ke jira. Kalma ɗaya ta isa a mayar da lambobin. Amma ya dawo ya tarar an buɗe masa wuri a tsakiyar tabarma, Rabo na miƙo masa kofi na uku yana tambayar yaya ya ji.

"Yanzu ne ya zama moto," in ji Sharfaddeen.

Ranar Alhamis tun da asuba Suwaiba ta tashe shi. Ya ɗauko kwalaben allura daga firji, ya jera su cikin gilasiya, ya kewaye su da ƙullin ƙanƙara, ya ɗaure a bayan moto. Da ya tashi a lokacin, da sanyin safiya ya raka shi har rabin hanya. Sai dai wa zai fita da irin wannan salansa gari na barci? Ya goge tanki. Ya goge madubi. Ya ce farar rigar ta yamutse, a sake mata guga. Suwaiba na tsaye a ƙofa tana duban rana tana cewa, "Malam, hantsi hwa Baba ya ce." Bai tashi ba sai da ya tabbata fada ta zauna. Ya bi ta tasha ya saki harbi, ya zagaya ta kasuwa, ya sake biyowa ta tasha don wasu ba su iso ba a karon farko, sannan ya miƙi hanyar Azagor.

Inda ƙasa ke da tauri abin ya tafi daidai, iska na bugun inji tana rage masa zafi. Da gonaki suka ƙare aka shiga ƙasar makiyaya, hanya ta zama sawu biyu cikin rairayi mai laushi. A nan moto ba ya gudu, kuka yake yi da ƙarfi yana tafiya kaɗan kaɗan, ba iskar da za ta taimake shi, rana kuma ta riga ta hau. Daidai wurin da jajayen gidajen nan suke aiki ke nan, waɗanda Rabo ya kama da sata. Injin na neman esansi, ƙwaƙwalwa na ba shi da ɗigo kamar yadda fada ta umarta. Can ciki wani sauti ya fara, ƙas ƙas ƙas, kamar tsakuwa cikin gwangwani. Sharfaddeen bai ji ba, salansar ta rufe komai. Abin da ya ji kawai ƙarfi na raguwa, don haka ya ƙara murɗa wuta.

A kan wani dogon tudu, ana gab da kaiwa samansa, moton ya yi wata ƙara da bai taɓa yi ba, tayar baya ta cije, ya tsaya cak. Sharfaddeen ya kusa wuntsilawa ta gaba. Shiru ya rufe dajin, sai ƙarfe mai zafi na ɗan ƙyas ƙyas da warin ƙonannen man inji. Abin da ya fara zuwa masa shi ne ko mai ne ya ƙare. Ya buɗe tanki ya leƙa, ya ga esansi har kusa da wuya. Ta wannan fannin dai setin fada bai yi ƙarya ba.

Ya taka zuwa saman tudun ya duba arewa. Can ga ƙura tana tashi tsaye, irin ta shanu masu yawa a wuri guda. Rijiyar ce. Ba ta kusa, amma ba ta fi nisan gonar da mutum ke zuwa da ƙafa ya yi noma ya dawo ba. Rana ba ta kai tsaka ba tukuna. Ya duba salula, babu rezo, ba halin kira. Ya dubi gilasiyar, ya dubi ƙurar. Sai ya ga kansa yana isa gaban Intalla da mutanensa a ƙasa, farar riga jiƙe da gumi, gilasiya a ka kamar mai tallan yawur. Ina, wannan ba zai yiwu ba. Zafi ne kawai moton ya yi, in ya huce zai tashi.

Ya jira. Ya danna maɓallin tayarwa, wani abu ya yi ƙat ya tsaya. Ya ƙara jira. A ranar bazara, a kan rairayi, ba inuwa, inji ba ya hucewa da sauri. Sai dabara ta zo masa, kuma ya ji daɗin kansa da ta zo. Ya kwance gilasiya, ya ɗauko ƙullin ƙanƙara guda, guda ɗaya kawai, ya ɗora a kan inji. Ƙanƙarar ta yi cuu, ta zama tururi. Ya ga kamar ta yi amfani, ya ƙara wata. Ya danna, ƙat. Ya ce saura kaɗan. Haka ya yi ta cewa saura kaɗan har hannunsa ya shiga gilasiya ya taɓa kwalabe zalla, suna iyo cikin ɗan ruwan da ya fara ɗumi. Shi da aka koya wa a Maradi, aka maimaita masa, cewa allurar nan in ta yi zafi ta zama ruwan banza.

Ya cire buji, wato filogi, da makullin da ke ƙarƙashin mazauni, ya ga bakinsa fari fat, ya ɗan narke. Ya hura masa iska ya mayar. Ya gwada tura moton ya gangara tudu ko zai kama, tayar baya ta ja layi cikin rairayi ba ta juya ba. Inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, ta fito ta ɗaya gefen. Ƙurar arewa ta daina tashi tsaye, ta miƙe ta yi tsawo, ta fara nisa. A lokacin ne tsoro na gaske ya kama shi. Ya kwantar da moton gindin wata ƙaya, ya saɓa gilasiyar da ba ta da sauran amfani, ya kama tafiyar da ya ƙi yi tun da hantsi.

La'asar ta yi sanyi ya isa. Bakin rijiya caɓi ne da kashin shanu sabo, sawu ya tattake ko'ina ya nufi arewa. Ga turaku da aka kafa don kama shanu, igiyoyi na nan a jikin wasu. Ba kowa sai mutum ɗaya zaune gindin aduwa, raƙuminsa gurfane kusa da shi.

Sharfaddeen ya cire takalmi daga nesa, ya durƙusa.

"Baba, barka da yini."

Intalla ya amsa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi Suwaiba da yara, ya tambayi mutanen Dakoro, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya miƙa masa salkar ruwa, ya jira ya sha ya ƙoshi. Wannan haƙurin ya fi zagi ciwo. Sharfaddeen ya fara bayani, yana cewa ƙwaƙwalwar moto ce, wani yaro ne ya taɓa kartografi, su injinan zamani haka suke. Dattijon ya ɗaga hannu kaɗan.

"Mun ji ka," ya ce.

Sannan ya ci gaba.

"Tun kana nesa munka ji ka. Ba mu taɓa jin abu mai ƙara haka ba, shanu duk sunka ɗaga kai. Na ce ma mutane, kun ji, mijin ɗiyata ne, ga shi nan tahe. Har Mahamadu, da ya rantse ba ka zuwa, ya sa anka kama bijimin shi anka ɗaure. Muna ji kana matsowa, kana matsowa. Sai munka daina ji."

Ya gyara bakin rawaninsa.

"Na ce masu ko moto ya mutu, shina tahowa da ƙahwa, wurin ba nisa. Na riƙe su har azahar da wagga magana. Rana ta yi tsaka, ta wuce, shanu na tsaye ba ci. Daga baya ba wanda ya ce mani komi. Kowa ya kwance nashi ya kora."

"Baba, in na samu wata allura, in na bi ku..."

"Sun watsu. Ko ka same su, ba mai sake tara ma shanu don na ce."

"Na Suwaiba hwa?"

"Sun bi sauran. Guda tana tari tun shekaranjiya."

Sharfaddeen ya sunkuyar da kai. Kunya ta cika shi har ya rasa inda zai sa idonsa, ya ajiye shi a kan gilasiyar. Intalla bai ko tambayi abin da ke cikinta ba. Ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe riga, ya nuna masa wani zango da ke yamma inda zai samu amalanke ta ɗauko masa moto. Ya hau raƙumi, ya zauna daidai, sannan ya dubo shi daga sama.

"In ka isa gida, ce ma ɗiyata ni na kasa riƙe mutane, ka iso ka iske mun tahi. Gara ta ji haushina, ni ina nesa. Kai ko da kai za ta zauna."

Ya taɓa wuyan raƙumin da ƙafa, raƙumin ya miƙe ya bi sawun shanu.